Mai Miƙa Ruwa da Hagu

Masu riƙe da tsofaffin labarai sun ce a bayan garin Tudun Marke akwai wata tsamiya da ba a zama a inuwarta idan rana ta take. Ba wanda ya kafa dokar, amma ko akuya ba ta kwanciya a wurin. A ƙarƙashin saiwoyinta akwai ƙofa, a bayan ƙofar kuwa akwai wata ƙasa mai faɗi, da birane da koguna da duwatsu, wadda ba mutum ke mulkinta ba. Guguwa ce kaɗai ta san hanyar. Ita ke fitowa da tsakar rana ta zaga gari, kuma ba ta cika komawa hannu rabbana ba.

A garin akwai wani saurayi ana ce masa Nomau. Iyayensa sun rasu sun bar shi da ƙanwa ɗaya, Tasalla, wadda shi ya goya ta, shi ya koya mata tafiya, shi ne uwarta shi ne ubanta. Wajen ladabi Nomau ba shi da na biyu. Ba ya wuce babba bai durƙusa ba, ba ya shiga gida bai yi sallama ba, rigarsa kullum fes. Sai dai ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Aibin Nomau shi ne, kallo ɗaya zai yi wa mutum ya ce ya gama karanta shi. Mai jan ido ɓarawo ne, mai yawan shiru munafuki ne, wanda bai tsuguna da kyau wajen gaisuwa ba kuwa ba ɗan asali ba ne. Sau ɗaya ya taɓa dacewa, a kan wani ɓarawon tunkiya, tun daga ranar kansa ya kumbura, ba wanda ya isa ya gaya masa.

Wata rana Tasalla ta yanka kuɓewa ta kai shanya bayan gari. Tana cikin baza ta a tabarma, iska ta ɗauke faifanta ta gangara da shi gindin tsamiyar, yarinya ta bi. Nomau yana dawowa daga gona, fartanya a kafaɗa, sai ya hango guguwa ta taso ja wur, ta naɗe tabarma da kuɓewa da yarinya, ta murɗa ta shige tsakanin saiwoyi. Kafin ya iso ba komai a wurin sai takalminta ƙafa ɗaya.

Ya haƙa ƙasa har hannuwansa suka fashe, bai ga ko ramin ɓera ba. Mutanen gari suka taru suka ba shi haƙuri daga nesa, don ba mai son takawa cikin inuwar. Washegari da rana ta take, ya cika gorarsa da ruwa, ya ɗauki sanda, ya je ya zauna a gindin tsamiyar. Da guguwar ta taso, ya ambaci sunan Allah, ya rufe ido ya faɗa cikinta.

Ya buɗe ido ya gan shi a gaban wata ƙofa ta baƙin dutse. A bakinta wani aljani na zaune, tsawonsa a zaune ya kai giginya, ya naɗe gemunsa a ƙugu ya yi ɗamara da shi. Nomau ya zube ya yi gaisuwa.

Aljanin ya sunkuyo ya dube shi ya ce, "Ya kai ɗan Adam, wace wahala ce ta ƙare a ƙasarku har ka zo neman ƙari a tamu?"

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙanwata nake nema. Guguwarku ta ɗauko ta jiya. Ita kaɗai gare ni."

"Tana raye, amma tsakaninta da halaka bai kai taki ɗaya ba. Ka bi gabas, ka ƙetare Kogin Toka, ka ratsa Filin Gishiri, har inda guguwa ke sauke kayanta. Sai dai ka ji dokar ƙasar nan kafin ka taka ta. A nan mugun zato ba ya faɗuwa ƙasa banza. Duk mugun abin da baƙo ya faɗa a kan wanda ya tarar, kafin ya tambaye shi labarinsa, to ya tabbata a kansa. Ba mai kankare shi, ko ni, ko sarkinmu."

Nomau ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba zai dame ni ba. Ni ban cika kuskure a kan mutane ba."

Aljanin ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tura ƙofar da ɗan yatsa ya ce, "Shiga. Na tausaya wa waɗanda za ka gamu da su."

Nomau ya kama hanya. Ya wuce dajin da itatuwansa ke tafiya suna canja wuri, ya wuce wani dutse mai numfashi, ya kwana ya tashi har ya daina lissafi. Rannan ya iso Kogin Toka, wanda ba ruwa ke gudu a cikinsa ba sai toka mai zafi. A gaɓarsa akwai wani ƙauye, hayaƙi na tashi daga tsakiyarsa, ana ta kururuwa. Sai ga wata mace ta ɓullo a guje, ba ɗankwali, gashi a tsefe, fuska baƙi ƙirin, ido jajir. Ta cije zanen wani jariri da haƙora, jaririn na reto yana tsala kuka, ga mutane a bayanta suna gudu.

Nomau bai tsaya wata-wata ba, ya ɗaga sanda ya ce, "Ku tare ta, mayya ce, ta sato ɗan mutane."

Matar ta tsaya cak. Ta durƙusa ta ajiye jaririn a hankali, sai a lokacin Nomau ya ga hannuwanta duk sun saɓule, wuta ta cinye su, shi ya sa ta riƙe da baki. Ta ɗago ta ce, "Ya kai baƙo, ɗana ne. Ɗakinmu ne ya kama da wuta, na shiga na ciro shi. Waɗannan maƙwabtana ne, magani suke bi na da shi. Me na yi maka?"

Ba ta rufe baki ba harshenta ya fara tsawo, haƙoranta suka zaro. Ta dubi jaririn, miyau ya zubo mata. Ta ja da baya tana kuka, ta ce wa maƙwabtanta, "Ku ɗauke shi, don Allah ku ɗauke shi, kada ku bari in sake ganinsa." Ta juya ta faɗa daji, ana jin kukanta har ya ɓace.

Nomau ya yar da sanda ya ce, "Na janye, wallahi na janye, ban sani ba ne."

Wata tsohuwa ta ɗauki jaririn ta goya, suka juya suka koma ƙauyen, kowa na kauce wa idonsa don kada ya samu abin faɗa a kansa. Magana zarar bunu ce, ta fita ke nan. Baƙin ciki ya cika Nomau, irin wanda bai taɓa sani ba. Ya tsinci wata tsakuwa ya jefa a baki, ya rantse ba zai ƙara furta kalma a kan kowa ba. Ya taka kogin, ƙafafunsa na toyewa, ya haye.

A ƙetare ya tarar da wani birni mai ganuwar tagulla. Tun daga ƙofa wani mutum ya taro shi, fari sol, da babbar riga mai aiki, ƙamshin turare na tashi. Ya durƙusa har ƙasa ya yi wa Nomau maraba, ya miƙo masa ƙwaryar fura da hannu biyu, ya ce, "Ya kai mai albarka, gidana gidanka ne. Ƙanwarka kuwa gobe da kaina zan raka ka wurinta."

Nomau ya ce a ransa, yauwa, ga ɗan asali, ko makaho ya shafa ya san wannan mutumin kirki ne. Bakin ne ya ɗaure, amma idon na nan da halinsa. Bai tambayi kansa yadda aka yi mutumin ya san da zancen ƙanwarsa ba. Ya tofar da tsakuwa, ya sha fura ya ƙoshi, aka shimfiɗa masa kilishi ya miƙe don ya ɗan huta.

Zafin rana ne ya tashe shi. Ba birni, ba ganuwa, ba mai babbar riga. Yana kwance a tsakiyar Filin Gishiri, ba gora, ba takalmi, ba hula. Hatta inuwarsa an naɗe an tafi da ita. Ya tuna da rantsuwarsa, ya laluba ya samu wani ɗan dutse ya jefa a baki, ashe dunƙulen gishiri ne. Haka ya yi ta tsotsarsa yana tafiya, wai shi mai cika alkawari.

Wahalar da ya sha a filin nan ba ta faɗuwa. Ƙasa fara fat har iyakar gani, ba ciyawa ba tsuntsu. Ya hango tafki ya ruga, ya tarar da gishiri. Wasu ungulaye masu fuskar mutane suka biyo shi suna tambayar juna yaushe zai faɗi. Leɓɓansa suka tsage, harshensa ya kumbura, ya koma rarrafe. Abu ɗaya ne ya hana shi kwantawa ya mutu, tunanin Tasalla da abin da mai tsaron ƙofa ya faɗa, cewa tsakaninta da halaka bai kai taki ɗaya ba.

Can ya hango wata bishiyar ƙaya guda ɗaya, a gindinta akwai rijiya mai ƙaramin baki. Wani tsoho na zaune ya jingina da bakin rijiyar, ya zura hannunsa na dama a ciki har kafaɗa, kamar mai shan sanyi. Tsohon ƙazami ne na gaske, gashi ya cukuikuye, jiki duk kazuwa, tsummokaransa na wari. A gefensa na hagu akwai wani kaskon dutse da ruwa ke tsattsafowa a ciki, garai-garai.

Nomau ya tofar da gishirin ya yi sallama. Tsohon ya amsa a hankali, bai tashi ba, bai gyara zama ba, bai ba shi hannu ba. Ya ɗebo ruwa a ƙoƙo ya miƙo masa da hannun hagu.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da wannan ke nufi. Hagu ta tsarki ce da fyace majina, ko yaro aka miƙa wa abu da ita ya san an raina shi. Nomau ya dubi ƙoƙon, ya dubi hannun, ransa ya ɓaci. Ya kauce ya sa nasa hannun a kaskon don ya ɗiba da kansa, ruwan ya janye ya bar masa yashi. Da ya cire hannu, ruwa ya dawo. Tsohon dai bai sauke ƙoƙon ba, idonsa na kan Nomau kamar mai roƙo, leɓɓansa na motsi ba magana.

Ƙishirwa da gajiya da girman kai suka haɗu suka hau Nomau. Ya ce, "Kai tsoho, ni za ka miƙa wa ruwa da hagu kamar kare? Ga damarka can ka saka a rijiya kana hutawa. Hannun da ba zai karrama baƙo ba ai gara ya shanye."

Kafin ya haɗiye miyau, hannun tsohon ya bushe tun daga kafaɗa, bushewar ta gangara ɓarin jikinsa har ƙafa. Sai ga wata igiya ta suɓuce daga yatsunsa tana zurarewa cikin rijiya. Tsohon ya kifa ya cafke ta da haƙora, igiyar ta ja shi, haƙoransa suka fara karyewa, jini na zuba. Nomau bai san lokacin da ya yi tsalle ya damƙe igiyar da damarsa ba. Nauyi ya fizge shi har kafaɗarsa ta shige bakin rijiyar.

Yana taɓa igiyar ya ji murya daga can ƙasa, siririya, tana rawa. "Baba, me ya faru? Baba, kada ka sake ni."

Muryar Tasalla ce.

Nomau ya ce, "Tasalla, ni ne, Yayanki ne. Riƙe da kyau."

"Yaya, ka zo? Na san za ka zo. Ina Baba?"

Nomau ya dubi tsohon da ke kwance a ƙasa, rabin jiki matacce, baki cike da jini. Ya ce, "Yana hutawa."

Ya tattara ƙarfinsa ya ja, igiya ko motsi. Tsohon ya jawo jiki ya kama da hagunsa, suka ja tare, ba ta ɗaga ko ɗani ɗaya ba, don abin da ya rage wa tsohon na ƙarfi bai kai na kaza ba. Da suka gaji, tsohon ya tofar da jini ya ce, "Yaro, yanzu da ka riƙe, bakina ya buɗe gare ka. Wannan rijiyar ba ta da gindi, a nan guguwa ke zubar da abin da ta kwaso. Ni matafiyi ne kamarka. Ina wucewa na ga ta jefa yarinya, na cilla mata igiyar kayana, Allah ya sa ta kama. Igiyar da ta shiga rijiyar nan, mutum ɗaya riƙewa kawai yake iyawa, ja sai da na biyu mai lafiya. Ba ta ɗauruwa a itace, ba ta yarda mai riƙonta ya sauya hannu. Muryar yarinyar kuwa sai wanda ya taɓa igiya ke ji. Wanda duk ya taɓa riƙewa, ba ya iya gaya wa baƙo abin da ke ciki sai baƙon ya tambaya. Abin da aka bar masa shi ne ya amsa sallama ya miƙa ruwa."

Nomau ya ce, "Baba, duk zaman nan ba wanda ya tambaye ka?"

"Mutane da yawa sun wuce. Kowa hagun yake gani."

"Ka yafe mini, Baba."

Tsohon ya ce, "Na yafe. Amma yafewata ba za ta tayar da hannu ba, ba za ta ja igiya ba. Ka gyara zama, zaman da tsawo." Ya ja jiki ya koma gindin ƙayar ya kwanta, in ba ka lura ba sai ka ce tarin tsumma ne.

Haka Nomau ya gaji wurin. Rana ta fito ta faɗi, ta sake fitowa. A rijiyar nan ba yunwa, amma akwai tsoro, shi ya sa Tasalla ba ta yin shiru. Takan ce, "Yaya, Baba yakan ba ni labarin garinsu in na ji tsoro. Yakan ce in ƙirga awakinsa da sunayensu. Yaushe zai tashi?" Nomau ya ce ya kusa. Kafaɗarsa ta yi tsami, ta daina tsami ta koma kamar ba tasa ba. Barci kuwa sai na zomo, don yana tsoron yatsunsa su saki.

Matafiyi na farko da ya zo wani bafatake ne da guguwa ta ɗauke wa jaki. Nomau ya yi murna har hawaye, ya amsa sallama da sauri, ya buɗe baki zai ce ga ƙanwata a rijiya, harshe ya liƙe. Ya ɗebo ruwa ya miƙa da hagu. Bafataken ya yi tsaki ya ce, "Dubi ƙazami, da wannan hannun?" Ya wuce da ƙishirwarsa. Nan take kazuwa ta feso wa Nomau, ƙwarƙwata ta cika masa kai, ga shi ba hannun susa sai ɗaya.

Bayansa wata mata ta zo da 'yarta, ta janye yarinyar ta ce, "Kada ki karɓa, ba ki ga mummunar fuskarsa ba?" Fuskar Nomau ta karkace. Wani saurayi mai tsaftatacciyar riga ya zo, ya yi sallama cikin ladabi, ya durƙusa yadda ya kamata. Da ya ga hagu sai ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya ce, "Allah wadaran tsohon banza." Furfura ta rufe kan Nomau, bayansa ya ranƙwafa, haƙora biyu suka zube a cinyarsa. Ya bi saurayin da kallo har ya ɓace, bai iya jin haushinsa ba, don ya san abin da ke ransa kalma bayan kalma.

Da wurin ya yi shiru, Nomau ya juya wajen ƙayar ya ce, "Baba, shekarunka nawa da ka zauna a nan?"

Tsohon ya ce, "Ban yi aure ba tukuna. An sa ranar, na fito sayen kayan lefe."

Nomau ya kifa kai a bakin rijiya ya yi kuka mara sauti, don kada igiyar ta kai wa Tasalla. Ba abin da ya fi ci masa rai kamar sanin cewa ba shi da dabara. Kowane baƙo da ya hango, zuciyarsa kan kasu biyu, yana fatan tambaya, yana tsoron kalma. Wata rana wani zai ce hannun ya shanye, ko ya ce mahaukaci ne, igiya ta tafi, kuma ba wanda zai tsaya ya cafke. Ya gwada miƙa ƙoƙon da baki, ruwan ya zube. Ya gwada nuna rijiyar da ido, aka ɗauka harara ce. Ƙarfinsa kuwa kullum raguwa yake, igiyar ta ci tafin hannunsa har ƙashi.

Wata ranar da zafi ya kai zafi, ya hango wani abu na tahowa a hankali, yana ɗingishi. Da ya matso sai ya ga kuturwa ce, tsohuwa, hanci ya lotse, ba yatsa ko ɗaya a hannuwanta. Zuciyar Nomau ta faɗi. Ya ce a ransa, wannan ko ta tambaya me za ta ja da shi? Kuma don a san hali zanen dutse ne, sai da ya ɗan janye ƙoƙon, wai kada kuturwa ta sa masa baki. Shi da ƙwarƙwata ke yawo a gira. Kunya ta kama shi, ya ɗebo ruwa ya miƙa.

Matar ta tsuguna ta tallabi ƙoƙon da dungulmanta biyu, ta yi bismilla ta shanye, ta yi hamdala. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta dube shi sama da ƙasa ba tare da ƙyama ba. Sannan ta ce, "Sannu, bawan Allah. Ni an daɗe ba a miƙo mini abu da kowane hannu ba, jefo mini ake yi. Me ya sami damarka ne?"

Harshen Nomau ya warware. Ya ce, "Iya, ƙanwata ce a ƙasa. Igiyarta nake riƙe da ita. Sai an samu na biyu za ta jawu." Ya dubi hannuwanta.

Ta ce, "Na ga abin da kake kallo. Yatsu ne babu, ƙugu na nan. Naɗa mini ragowar igiyar."

Ya naɗa mata da hagunsa, ta cije ƙullin da haƙora ta ɗaure. Ta juya baya ta kafa ƙafa a gishiri ta fara tafiya, shi kuma yana ja. Igiyar da ta ƙi motsi ta fara tahowa. Matar ta faɗi ta tashi, ƙafafunta marasa yatsu na zubar da jini a kan farar ƙasa, ba ta tsaya ba. Can sai ga hannu ya kama bakin rijiya, sai ga kai, sai ga Tasalla ta faɗo waje, tana kare ido daga hasken rana.

Ta dubi tsohon mai karkatacciyar fuska da ke gabanta, ta ja da baya. Nomau ya ce, "Ni ne, Tasalla." Ta gane muryar, ta faɗa jikinsa tana kuka, tana shafa furfurarsa. Ta je ta durƙusa gaban kuturwar ta rungume ta. Sannan ta waiga ta ce, "Yaya, ina Baba? Ka ce yana hutawa."

Nomau ya nuna gindin ƙaya.

Tasalla ta ruga ta durƙusa ta yaye tsummokaran. Ta ga bakin da ba haƙora, ta ga ɓarin jikin da ya mutu. Ta ɗago busasshen hannun nan da ya riƙe ta, ta ga sawun igiya a tafinsa, ta ɗora shi a kumatunta.

Ta ce, "Baba, ni ce Tasalla. Na fito. Wa ya yi maka haka?"

Tsohon ya buɗe ido ya yi mata murmushi ya ce, "Wani baƙo ne, 'yata. Ƙishirwa ce ta ci ƙarfinsa."

Fuskar yarinyar ta sauya don fushi. Ita ma baƙuwa ce a ƙasar, bakinta bai taɓa faɗa a kan kowa ba. Ta ce, "Ko wane ne shi, wannan azzalumin, Allah ya sa..."

Tsohon ya ɗaga hagunsa ya rufe mata baki. Ya ce, "A'a. Ki fara tambayarsa labarinsa tukuna."

Hawayenta na bin yatsunsa. Da ya sauke hannun ta ce, "To yana ina, Baba, in tambaye shi?"

Tsohon bai ko dubi wajen rijiyar ba. Nomau ya tako a ranƙwafe, hannunsa na dama na ɗigar jini, ya zo ya durƙusa a gaban ƙanwarsa.

Ya ce, "Ga ni, Tasalla. Tambaye ni."